Neman kalmar Hausa: me za mu kira "natural wine"?

'Yan uwa masu fassara, na kawo kuka. Kwana uku ke nan ina kan wani rubutu da aka ba ni in mayar Hausa, labarin wani ƙaramin manomin inabi a gangaren Etna, dutsen nan mai aman wuta na tsibirin Sisili a Italiya. Komai ya tafi sumul, sai kalmomi biyu suka tsaya min a maƙogwaro: "natural wine". Kafin wani ya taɓe baki, ni ma ban taɓa kai giya bakina ba. Amma tafinta abin da aka faɗa yake faɗa.

Rabi ɗaya, wato "wine", na gama da shi. "Ruwan inabi" ba zai yi ba, mai karatu zai zaci matsattsen ruwa ne marar sa maye. Giyar inabi ce, a kira ta da sunanta. Ɗaya rabin, wato "natural", shi ne matsala.

Ga abin da mutumin yake yi, don ku auna da kanku. Gonarsa hawa-hawa take a jikin dutse, kowane hawa an tokare shi da katangar baƙaƙen duwatsun da dutsen ya amayar, an jera su ba laka ba siminti. Tarakta ba ta da hanyar shiga. Kowace kurangar inabi tsaye take ita kaɗai kamar 'yar bishiya, ɗaure a jikin turke, salon da mutanen wurin ke kira alberello. Ba takin zamani, ba maganin kashe ciyawa, tsinka kuma da hannu. In an matse, sai ya koma gefe. Manyan kamfanoni sukan zuba yis na saye, su gyara tsami, su tace, su ƙara sinadarin farar wuta don kada ta lalace. Shi kuwa yis ɗin da ke jikin ɓawon inabin da wanda ke ɗakin matsa yake bar wa aikin. Ba ya tacewa, shi ya sa ba ta fita garau, har akan ga abu ya kwanta a gindin kwalba.

Na fara da "ta halitta", na karanta da ƙarfi, na ji Turanci ne sanye da babbar riga. "Ta ɗabi'a" ma haka, sai ka ce halayen giyar ake yabo. Ban da haka, inabi in an ƙyale shi ba ya zama giya mai daɗewa, ruwan tsami yake komawa. Akwai hannun mutum a ciki, hannun ne dai ya san inda zai tsaya.

Ƙarin bayani, bayan amsoshinku.

Mafi yawanku kun ce "ta gargajiya". Na so in karɓa, amma tarihi ya hana. A Etna abin da ya cancanci wannan suna shi ne palmento, tsohon ɗakin dutse da ake tattaka inabi da ƙafa. Harkar "natural wine" kuwa sabon yunƙuri ce, daga yankin Bojole na Faransa ta taso wajen 1980, inda manoma irin su Marcel Lapierre suka bi koyarwar Jules Chauvet, wanda shi masanin kimiyyar sinadarai ne. Mutanen da suka san duk dabarun zamani ne suka ajiye su da gangan. In na ce gargajiya, na shafe wannan.

Wani malami ya kawo "marar algus". Malam, kalmar ta yi daɗin kunne, sai dai tana ɗauke da zargi. Algus ha'inci ne, ɓoyewa ake yi. Abin da kamfanoni ke zubawa doka ta sani, har ta yanka masa iyaka: a Tarayyar Turai jan giyar da ba ta da zaƙi tana iya ɗaukar farar wuta har miligiram 150 a lita. Mai fassara ba alƙali ba ne.

Wanda ya rubuto "ta Allah da Annabi" kuma, na san haka muke cewa in abu na ainihi ne, amma ka sake duba abin da muke magana a kai.

Wata baiwar Allah ta ba da "mai tsima da kanta". Hajiya, kin kama zuciyar aikin, wato zancen yis. Tsawonta ne kawai, ba ta zama a kanun labari. Na riƙe ta don bayani.

Ita ce kuma ta sake cewa, me zai hana "zalla"? Na yi gardama da farko, saboda ba koyaushe ake rasa ƙari ba. Tambarin irin wannan giya da Faransa ta amince da shi a 2020, vin méthode nature, iri biyu ne: akwai wanda ba a sa farar wuta ko ɗis, akwai wanda aka yarda jimillarta ta kai miligiram 30 a lita. Na kwana da abin, sai na ga "zalla" ba giyar take siffantawa ba, inabin take nufi: abin da ke kwalbar inabi ne zalla. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ƙirƙiri tsufa ba, gajeriya ce kuma.

Ga yadda jimlar ta shiga fassarar: "A gonarsa da ke kan tokar Etna yake yin giyar inabi zalla, wato wadda ake bari ta tsima da kanta, ba yis na saye, ba tacewa." Daga nan har ƙarshen rubutun, "giyar inabi zalla" kawai na riƙa sawa.