Abin da aka tsayar a zaman majalisar Aboabo kan ruwan sha

Bayan sallar Isha'i muka zauna a unguwar Aboabo ta Kumasi, hira ta koma kan ruwa. Ga abin da na tsinta.

An fi daɗewa kan tafasawa. Wani malamin kimiyya da ke cikinmu ya ce tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da zaiba ko dalma. Ruwan ne ke raguwa, gubar tana nan. Alif kuwa laka kawai yake kwantarwa. Wannan ya ba dattawa mamaki, har da ni. Zaibar nan ita 'yan galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinariya da ita, ta gangara rafi, ta taru a jikin kifi. Dam ɗin Barekese da ke shayar da yawancin Kumasi a kan kogin Offin yake, shi kuma Offin ya sha wahalar galamse.

"Yallabai, to me za mu yi?" in ji wani matashi.

Malamin ya ce mai rijiya ko burtsatse ya kai ruwansa gwaji, ya nemi a duba ƙarafa masu guba. Matatar gawayi ta kanti na rage wasu sinadarai, idan ana canza ta a kan kari.

Saura namu laifin ne. A daina zuba ragowar magani a kwata, a mayar wa mai kemis. Kanikawa su tara baƙin mai a jarka. Piya wata a duba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, kuma kada a jibge shi cikin rana.