Sirdi ga mai ciwon ƙugu: a sassaƙe ko a sake?

Manomin Gadarif: Salamu alaikum. An ɗauki hoton ƙuguna, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne a ɓangaren dama, guringuntsin ya cinye. Zafin a matsematsi yake, yana gangarowa har gwiwa. Da damina ba ni da abin zuwa gona sai goɗiyata, kun dai san lakar Gadarif a nan Sudan in ta sha ruwa, ko tarakta kafewa take. Sirdina na gargajiya ne mai faɗi, yana buɗe min ƙafafu, in na sauka sai na dafa bango kafin in miƙe. Mai sirdi ya ce zai sassaƙe itacen ya rage faɗin. Wani kuma yana da sirdin Turawa na hannu zai sayar. Wanne zan yi kafin ruwan Yuni? Sayar da goɗiyar ba ya cikin lissafi.

Abu Hajara: Alhaji, sayar da ita ka sayi raksha, babur mai ƙafa uku, ka huta.

Ɗan Maiwurno: Raksha a lakar Gadarif? Sai dai in goɗiyar ce za ta ja ta.

Hajiya ta Kassala: Allah ya ba da lafiya. Man riɗi da ɗumi a shafa kullum dare, mahaifinmu da shi ya rayu.

Kawu Sale: Kada ka bari kowa ya sa gizago a itacen sirdinka. Ni na yi. Dokina ɗan Nyala ne, ja, ba ya ko buƙatar bulala. Gwiwa ta dame ni, na kai wa wani mai sirdi a Sinnar, ya rantse min aikinsa ne tun kakanni. Ya sassaƙe, ni na ji daɗin zama, ashe nauyina duka ya koma kan doron dokin. Ranar da na ɗaga zubka, shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, na tarar gashin wurin ya manne da jini, ƙuda na bi. Mikin ya ƙi warkewa, da ya warke farin gashi ya fito, dokin kuwa da ya hango sirdi sai ya fara harbi. Na koma wurin mutumin, ya ce ai ni ne na ƙara ƙiba. A ƙarshe mai karo, wato amalanke, na sayar wa, rabin kuɗi. Har yau in na gan shi yana jan tankin ruwa sai in sauya hanya.

Ummu Bashir (Riyad): Kawu, Allah ya mayar da alheri. Baba mai tambaya, ni aikin gashin ƙashi nake yi a asibiti. Ƙugu mai amosani buɗewa da murɗawa ciki ne ba ya so. Abin dubawa shi ne siririn wuri tsakanin cinyoyi, a saman sirdi, ba ƙasan da ke kan bayan doki ba. Sirdin Turawa yawanci ya fi siranta a nan. Ka ƙara tsawon likkafa don ƙugun ya rage lanƙwasa, ka riƙa hawa daga kan dakali ko turmi, kada ka ɗaga ƙafa daga ƙasa. Amma in goɗiyar mai faɗin haƙarƙari ce, sirdi ba zai rage mata faɗi ba. Kuma a yi hattara da diklofenak kullum, yana taɓa ciki da ƙoda.

Kawu Sale: 'Yata, kin taɓa hawan doki?

Ummu Bashir (Riyad): Ban taɓa ba, Kawu. Ƙugu na sani.

Ɗan Maiwurno: Kakanninmu daga yaƙin Burmi a 1903 har bakin Nilu a kan sirdin gargajiya suka zo, ba wanda ya nemi na Turawa.

Abu Hajara: Akasarinsu a ƙafa suka zo, malam, kada ka cika mu da baki. Nawa aka ce sirdin?

Manomin Gadarif: Dubu ɗari uku ya ce.

Abu Hajara: Tsada! Ƙanina ya sayi irinsa miliyan tamanin a Madani.

Hajiya ta Kassala: To ai tamanin ɗinka ta fi ɗari ukunsa.

Abu Hajara: Miliyan na tsohon lissafi nake nufi, Hajiya, dubu tamanin ke nan. Kuma kafin yaƙi ne.

Ɗan Maiwurno: Farashin kafin Afrilun 2023 ai tatsuniya ce yanzu.

Kawu Sale: Ku bar zancen sirdi, dawar da dokin zai ci fa? A Gadarif ake noma ta, amma dillalai sun ɓoye buhuna suna jiran ta hau. Maganin tsutsar dabbobi ma da na saya wancan watan, rubutun kwalbar da yatsa yake gogewa.

Hajiya ta Kassala: Mu nan dusa ma sai da sanayya.

Manomin Gadarif: Ummu Bashir, in aka ƙara zubka a ƙarƙashin na Turawan, faɗin ba zai dawo ba?

Abu Hajara: Kawu, a wace kasuwa ka sayi kwalbar? Ina jin irinta ce a gidana.