Ina kantunan nan masu gilashi na Kano suka tafi?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Jiya na bi ta Bata sai yarona ya tambaye ni wai me ya sa ake kiran wajen Bata, na ce masa ai kantin takalma ne ya ba wurin suna, nan ake kai mu sayen kotina in za a koma makaranta. Wlh sai da zuciyata ta sosu. Da muna yara mukan tsaya gaban gilashi mu yi ta kallon kaya an jera, kowanne da farashinsa a jiki, ba mai korar ka ko ba ka da sisi. Yanzu duk ƙofar ƙarfe ce da rodi. Me ya kawo haka ne?

Maman Ilham: Kai yaya ka tuna min da Kingsway! Babanmu yakan kai mu gab da sallah, ni dai 'yar tsanar nan da aka sa wa riga nake tsayawa kallo har sai an ja hannuna.

Baba Tela: Ɗana, kuɗi ne. Kingsway na kamfanin UAC ne, ga kantunan Leventis, ga na UTC, akasarin kayansu daga waje ake shigo da su kuma ma'aikatan gwamnati ne masu saye, to da aka zo da SAP, wato tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnati, a 1986 naira ta faɗi albashi ya daina kai mutum ko'ina, wa zai shiga? Sannan ga haya, kanti ɗaya na da yanzu an yanka shi shago biyar ko shida, mai shago ba zai bar taku biyu don ado ba alhali nan zai tara dila. Ka shiga Kwari ka gani, atamfa da shadda a rataye tun daga bakin ƙofa har sama, mai saye so yake ya taɓa ya murza a yi ciniki, gilashi kuwa ba ya barin haka.

Ummi Zoo Road: Baba gaskiya ne amma fa gilashin bai mutu ba, waya ya koma. Ni abaya nake sayarwa daga ɗakina, sitatus ɗin WhatsApp shi ne shagona. Ko Ado Bayero Mall da aka buɗe 2014 akwai gilashi, sai dai sai ka wuce masu gadi tukuna.

Ɗan Fagge: To ai nan ne ke damuna ƙanwata. Na da a bakin titi yake, almajiri da ɗan mai kuɗi duk tare muke leƙe. Wanda ke da tsohon hoton Bata don Allah ya taimaka, ina so in nuna wa yaron.