Tambaya kan shiga binciken motsa ƙwaƙwalwa da jin magana cikin hayaniya

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a Ingila, kuma an kafa sanarwa a jami'armu ana neman masu sa kai don wani bincike da za a tura lantarki mai rauni zuwa ƙwaƙwalwa, a ga ko mutum zai fi tsintar magana a wurin da hayaniya ta yi yawa. Abin ya shafe ni, domin a gidan biki ko tashar jirgi ina jin muryoyi amma kalmomin ba sa fita, alhali gwajin asibiti ya nuna kunnuwana lafiya lau. Shin akwai haɗari, kuma zan iya sa ran samun sauƙi?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam. Matsalar da ka bayyana sananniya ce. Tun 1953 wani masanin kimiyya mai suna Colin Cherry ya yi nazarin yadda mutum ke ware murya ɗaya daga cikin muryoyi da yawa, kuma aikin ƙwaƙwalwa ne kamar yadda yake na kunne. A 2009 wasu masu bincike, Kujawa da Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙara mai ƙarfi tana lalata mahaɗin jijiyar ji ko da gwajin da aka saba yi bai nuna komai ba. Game da haɗari kuwa, sai ka fara tambayar wace hanya masu binciken jami'arku za su bi. Idan ta lantarki ce, ana ɗora soso mai ruwan gishiri a fatar kai, ƙarfin wutar kuma miliamfa 1 zuwa 2 ne na kusan minti 20, abin da aka fi ji shi ne ƙaiƙayi da ɗan jan fata. Idan ta maganaɗisu ce, na'urar tana ƙara sosai, dole a toshe maka kunne, kuma ba a ɗaukar mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai ko mai na'urar daidaita bugun zuciya, haka ma mai juna biyu.

Hajiya Uwar Marayu: Ɗana, mu da muka ga abin da gwajin maganin sanƙarau ya jawo a Kano a 1996 ba ma ɗaukar takardar amincewa da wasa. Ka karanta ta a tsanake, ka tabbatar kwamitin ɗa'a na jami'ar ya amince da binciken, ka kuma tambayi wanda zai ga bayananka. Kana da ikon janyewa a kowane lokaci ba tare da ka ba da dalili ba, kuma kada ka ɓoye musu ciwo ko maganin da kake sha.

Malam Na Zariya: Hajiya ta yi gaskiya. Game da samun sauƙi kuwa, kada ka sa rai, domin a wasu zama za a kunna na'urar na 'yan daƙiƙu kawai a kashe ba tare da an gaya maka ba, saboda a kwatanta sakamako, kuma inda aka ga canji yawanci kaɗan ne, ba ya daɗewa. Ka kuma bincika ko sun sharɗanta Turanci ya zama harshen uwa, tunda jimlolin gwajin da shi ake karanta su. Matsalarka kuma ka koma da ita wurin likitan ji, ka nemi a gwada ka cikin hayaniya, ba a ɗaki shiru kaɗai ba.