Waɗanda suka taɓa fitar da littafi, kuɗinku sun dawo kuwa?

Sabuwar marubuciya, Kaduna: Assalamu alaikum manyanmu, dan Allah shawara nake nema amma daga wanda abin ya faru a kansa, ba an ce an ce ba. Na gama littafina na farko bayan shekara biyu ina fama, yanzu na kwashi adashi kuɗin suna hannuna, wata zuciyar na ce min in kai maɗaba'a in riƙe abina a hannu, wata na ce min in buɗe gurup a WhatsApp in sayar kamar yadda kowa ke yi. Wanda ya bi ɗaya a ciki ya faɗa min tsakani da Allah me ya tarar.

Tsohon hannu, Kano: Wa'alaikumussalam ƙanwata, kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ni a 2004 na fara bugawa, lokacin kasuwar littafi na ci sosai, aka yi taifin aka yi faranti aka buga bango mai kala, na raba labarin gida biyu na ɗaya da na biyu don haka ake yi, in na ɗaya ya karɓu shi ke jawo na biyu. Bugun bai ban wahala ba wallahi, wahalar tana wajen karɓar kuɗi. Ɗan kasuwa ba siya yake ba, ajiye masa za ki yi, sai ya sayar ya ba ki, to nan ake yin ta, yau ki je Sabon Gari a ce maigida ya fita, gobe a ce kasuwa ba daɗi, jibi a miƙo miki abin da rabinsa a kuɗin mota zai tafi, ga shi da idonki kina ganin littafin ya ƙare a kanta. Haka na dinga karɓa tsinci-tsinci har na rasa lissafin uwar kuɗi balle riba. Sannan ga masu ba da haya, kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa guda har bangon ya cire a ɗinke shi da zare, ni kuma kuɗin kwafi ɗaya na gani. Amma fa kar in yi butulci, adireshin da na sa a bayan littafin har daga Damagaram da Kumasi wasiƙu suka zo min, suna nan a jakata har gobe. Da aka zo 2007 aka ƙona littattafai a nan Kano aka fara kiranmu masu ɓata tarbiyya sai jikina ya yi sanyi, daga baya waya ta zo ta ƙarasa kasuwar.

Maman yara, Zariya: Hmm Yaya ai gara ku kun san fuskar wanda ya riƙe muku kuɗi. Mu na waya fa? Na saki shafukan farko kyauta mutane suka yi ta ruwan kwamen, anti ci gaba, anti kin iya, da na ce daga nan na kuɗi ne naira 500 sai gurup ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Waɗanda suka biya na zuba su a wani gurup daban, ina taifin da babban yatsa cikin dare bayan yara sun yi barci, wani lokacin ba wuta sai in aika caji, in na makara da fostin a biyo ni ta bayan fage ana min gori wai an biya ni. Ban kai rabi ba wata a cikinsu ta fara fitarwa, na yi Allah ya isa na yi magiya duk a banza, ranar da na rubuta tammat kafin magariba an haɗa shi dokumen guda yana yawo. Abin dariya abin haushi, matar yayana ce ta turo min shi wai ga wani littafi mai daɗi in karanta, an goge sunana an bar labarin.

Duk da haka ban yi asara ba gaskiya, tunda data kawai na kashe, kuma abin da ya shigo na sayi keken ɗinki da shi.

Malamin makaranta, Katsina: Hajiya in dai kin buga to ki yi hattara da ƙaddamarwa, ni nan ta kashe ni. Nawa ba na soyayya ba ne, gajerun labarai ne na yara, na bi ƙa'ida har lambar rajistar littafi ta ISBN na karɓo daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Na kama zauren taro, na buga kati, na yi lemo da ruwa, manya suka zo aka yi ta sanarwa a lasifika wane ya sayi kwafi biyar a kan kaza, wane kwafi goma a kan kaza, ana tafi ina lissafi a zuci har na hango babur. Abin da ya shigo hannu a ranar ko kuɗin zauren bai biya ba, sauran alkawari ne, na yi ta sintiri ofis-ofis har masu gadi suka gane ni. Katan-katan suka yi shekara a ƙarƙashin gado uwargida na mita. Abin da ya fitar da ni shi ne bin makarantu masu zaman kansu da ƙafata, in ba shugaban makaranta kwafi ɗaya kyauta ya duba, a haka suka ƙare a hankali.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar matsalarmu daban ce. Na aika nawa Kano aka buga don ya fi sauƙi, ana gamawa aka yi juyin mulkin 2023 aka rufe iyaka, littafi na can ni ina nan, wata da watanni. Kuma 'yar'uwa in za ki saida a waya ki sa lambar wani amintacce a nan wanda za a tura ma ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko a ba shi katin waya, mata da yawa na son saye amma ba su da hanyar biyan naira, shi ya sa suke jiran na bati.

Ɗaliba, Sakkwato: Ni nawa a YouTube na tsince shi wani na karantawa, ko sallama bai min ba. Da na yi magana ya ce ai talla yake min. Tun daga nan na koma gajeren labari, ina gwada sa'ata a gasar Hikayata ta BBC Hausa, ban taɓa ci ba amma ita ta koya min yanke surutu a rubutu.

Tsohon hannu, Kano: Na manta ban faɗa ba, ki je ki tambayi kuɗin rim ɗin takarda tukuna kafin ki yanke shawara, tun da naira ta faɗi farashin ya wuce inda kike zato. Kuma kar ki yarda ki sayar wa kowa da labarin ɗungurungum, na yi sau ɗaya, an sake bugawa ban san adadi ba ko sisi ban ƙara gani ba.

Sabuwar marubuciya, Kaduna: Kai jama'a kun sa gwiwata ta yi sanyi wallahi, na gode ƙwarai. Ina ga zan fara da waya in taɓa ruwan, in buga kwafi kaɗan ko don in kai wa Baba ya gani. Anti ta Zariya dan Allah duba saƙo, ina son sanin a shafi na nawa kika tsayar da na kyautan.