Direbana ya ƙi haɗuwa a ARM mai bit 32, in rage girman lambar?

Ɗan_Agege:
Salamu alaikum. Ina gyaran wani direban faifai na Linux saboda ƙananan allunan ARM masu bit 32 da maigidana ya sayo a Computer Village, Ikeja. A kwamfutata mai bit 64 komai lafiya lau. Da na haɗa shi don allon, sai manhajar haɗawar ta ce ba ta san `__aeabi_uldivmod` ba. Ga layin da ya jawo: `chunk = sector / chunk_sectors`. Wani ya ce in mayar da `sector`, lambar sekta mai bit 64, ya zama `unsigned long`, kuma lalle ya wuce. In bar shi haka?

Injiniyan_Yaba:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura. A allon nan `unsigned long` bit 32 ne, sekta kuma baiti 512 ce. Ranar da aka jona faifan da ya haura tera 2, lambar za ta koma sifili, direbanka ya je ya yi rubutu a kan teburin ɓangarorin faifai. Shiru, ba gargaɗi, sai dai mai kaya ya zo yana salati.

Injin ba shi da umarnin raba lamba mai bit 64, shi ya sa gcc, manhajar da ke fassara lambar shirin, yake neman taimakon libgcc, ɗakin karatunsa inda `__aeabi_uldivmod` yake; kernel, wato zuciyar Linux, kuwa da gangan ba ya haɗawa da ita, don rabon yana cin lokaci. Ɗauki `div_u64` daga `linux/math64.h`, ko `sector_div`.

Hajiya_Kernel:
Ƙanena, in ka zaɓi `sector_div` ko `do_div`, ka lura: sakamakon yana komawa cikin lambar da ka ba shi, abin da yake dawo maka da shi saura ne. Kwafi `sector` tukuna in za ka sake bukatarta. Mai rabawar kuma dole ya tsaya a bit 32. In `u64` ne, wato mai bit 64, za a datse samansa, 4294967296 ta zama sifili, ka faɗa kuskuren rabawa da sifili. Nan `div64_u64` ake kira.

Baban_Mile12:
Girman `chunk_sectors` ɗin naka 128 ne ko 256? In haka ne bar rabo gaba ɗaya, `>>` da `&` sun isa. Gwaji kuma ba sai ka sayi faifai da tsadar dalar nan ba: ƙirƙiri fayil mai tera 3 da `truncate -s 3T`, ka ɗaura shi kamar faifai da `losetup`, ka rubuta a sektar ƙarshe, ka duba ta farko.

Ɗan_Agege:
Na gode ƙwarai. 384 ne, Baba, don haka `sector_div` zan sa. Anti, na kwafi lambar. Wuta kawai nake jira in gwada.