Me ya hana kitse komawa gulukos?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina aji biyu a jami'a a nan Kano, jarrabawa saura mako biyu, ga wani abu ya tsaya mini a wuya.

Na gane cewa tuwon shinkafar da aka ci da sahur yana zama gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, rarar kuma a adana ta a matsayin gilaikojin, kamar giram 100 a hanta, wajen 400 a tsoka. Na tsoka ba ya fitowa cikin jini, don tsoka ba ta da enzayim ɗin gulukos-6-fosfates, sinadarin da ke sako gulukos ɗin ya fita. Har nan ba gardama.

An ce idan gilaikojin na hanta ya yi ƙasa, jiki na ƙera sabon gulukos daga amino asid da laktet da gilisarol, amma ban da fati asid na kitse, wanda jiki ke farfasawa ya zama asitil-KoA, wai don matakin da ke mai da fairubet (abin da gulukos ke zama idan an farfasa shi) asitil-KoA ba ya komawa baya. To ai asitil-KoA na shiga zagayen Krebs, wato jerin matakan da ake ƙona shi a samu kuzari, zagayen ya dawo kan okzalo'asitet, shi kuwa da shi ake yin gulukos! A ina hanyar ta toshe?

Wani abokina ɗan Gwale ya ce kabon biyu na asitil-KoA ke shiga zagayen, biyu su fita a kabon dayoksaid, saboda haka ba riba. Na zana sau uku, sai na ga biyun da suka fita a zagayen farko ba su ne suka shiga ba. Kaina ya ƙara ɗaurewa.

Don Allah wanda ya gane ya warware mini lissafin kabon ɗin dalla-dalla. Na gode.